Kusufi da Ɗan Tambaya

A Zongon Kwatano, idan wata ya yi zazzaɓi, yara kan fito da gwangwanaye suna kiɗa suna waƙa, wai rana ta kama wata, a roƙe ta ta sake shi. Da wannan muka tashi.

Ranar 29 ga Maris 2006 kuwa rana ce ta yi kusufi. Duhun ya ratsa Gana, Togo da Benin, ya bi ta Katsina da Maraɗi, daidai sa'ar da masana taurari suka faɗa tun tuni. Ƙanena ya ce wata ne ya shiga tsakaninmu da rana, dattawa suka ce boko ya cinye masa imani.

Abin ya dame ni, domin Annabi (SAW) da kansa ya hana a danganta kusufi da rasuwar ɗansa Ibrahim. Shakkar al'ada daban, shakkar Allah daban. Yaron da muka kira kafiri saboda tambaya zai ɗauke ta daga zaurenmu ya kai Facebook, inda kowa malami ne. Matambayi ba ya ɓata, sai in mun rufe masa baki.