Wa Zai Shaidi Yayarmu?

Da yawa cikinmu idan malam ya tambayi abin da muke son zama, "likita" muke cewa. Mu a gidanmu mun ga tsawon hanyar. Yayarmu ta yi shekara 6 a jami'a, ta yi shekara 1 tana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, ta yi bautar ƙasa, ta kuma ci jarrabawar farko ta shiga horon ƙwarewa. Yanzu tana neman gurbi a sashen yara na wani asibitin koyarwa, an ce ta ba da sunan mutum 3 da za su rubuta takardar shaida a kanta.

Sati biyu ana wannan magana a gidanmu. Baba yana da aboki farfesa, ɗan garinmu, ya ce sunansa kaɗai ya isa. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, sau ɗaya ya taɓa ganina, shi ma a gidan biki. Me zai rubuta?"

Ta yi mana bayani cewa masu karanta takardar so suke su ji daga wanda ya ga aikinta: yadda take yi idan an kawo yaro yana jijjiga cikin dare, ko tana makara, da yadda take magana da uwar da hankalinta ya tashi. Kuma ita ba za ta ga abin da aka rubuta ba, kai tsaye ake aikawa asibitin. Wannan ne ya fi ba mu tsoro. Mu da ko katin sakamako sai mun leƙa kafin ya isa hannun Baba!

Biyun ba su ba ta wahala ba: malamin da ya duba aikin bincikenta, da shugaban asibitin da ta yi bautar ƙasa. Ta ukun ce ta sa Umma salati, wato babbar likitar ɗakin yara, mai faɗa.

"Wadda ta sa kika dawo gida da kuka?" in ji Umma.

"Ita fa, Umma. Wata uku tana kallon hannuna."

Yaya ta je ta same ta, ta tambaye ta ko za ta iya ba da shaida mai ƙarfi a kanta. Matar ta ce ta kawo takardunta ranar Litinin, ba ta ƙara ko kalma ba.

Ashe Baba ya riga ya yi wa farfesa magana. Da kansa ya je ya ba shi haƙuri, kuma har yau bai gaya mana yadda suka rabu ba. Wata mai zuwa za a kira su ganawa.