Tsibiran Kete Krachi, Tuddan da Ruwa Ya Rage



Mu da muke zaune a Ankara mun ɗauka mun san ruwa, tunda ga teku a bakin ƙofarmu. Amma da yawa daga cikin 'ya'yanmu na Nima da Maamobi da Kokomlemle sun girma har sun yi aure ba su taɓa ɗora ido a kan tafkin Volta ba, alhali wutar da suke karatu da ita cikin dare wani kasonta daga can take zuwa. Ni ma ina cikin masu wannan laifi, sai da kawuna, wanda aka haifa a tsohon garin Kete kafin ruwa ya cinye shi, ya ce yana son ya sake ganin wurin tun yana da sauran ƙarfin ƙafa. Na ɗauki ɗana ɗan shekara 13, muka raka shi a tsakiyar hunturu.

Mun bar Kokomlemle bayan sallar asuba, ko masu koko da ƙosai ba su gama kafa tukwanensu ba. Mota ta bi da mu ta Tema, muka haye gadar Adomi da ke Atimpoku, muka nausa arewa ta cikin duwatsun yankin Volta har Dambai, hedikwatar yankin Oti da aka ƙirƙira a 2019. A nan ne hanya ta ƙare a bakin ruwa, sai jirgin fito ya kwashe mu, mu da motoci da buhunan doya da awaki, ya tsallakar da mu. Tafiyar yini guda ce cur, ba mu isa Kete Krachi ba sai da rana ta yi ja.

Kafin in kai ku tsibiri, ya kamata in faɗi yadda aka yi aka sami tsibirai a wurin da babu teku. A 1961 aka fara gina madatsar ruwa ta Akosombo a zamanin Kwame Nkrumah, aka gama a 1965, aka yi bikin buɗe ta a watan Janairu na 1966, wata guda kafin sojoji su kifar da gwamnatinsa. Da aka tare kogin, sai ruwa ya koma baya yana cika kwaruruka, har ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, daga Akosombo har can Yeji da Buipe. Mutane kimanin 80,000 ne aka tasa daga ƙauyuka fiye da 700, aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Duk inda yake kwari ya nutse, duk inda yake tudu mai tsawo ya tsira da kansa a sama. Waɗannan kawunan tuddai su ne tsibiran Volta. Saboda haka kawuna ya girme su duka, domin yana ɗan shekara goma sha wani abu aka haife su a gaban idonsa.

Da daddare, muna cin tuwo a masaukinmu cikin zango, ɗana ya tambaye shi, "Kaka, ruwan da ƙarfi ya zo, kamar ambaliyar Alajo?"

Kawu ya girgiza kai. "A'a, jikana. Da sanɗa ya zo, kamar ɓarawo. Yau ka kafa kara a bakinsa, gobe ka tarar da karan a cikin ruwa. Ya ci fadama, ya ci gonaki, ya ci hanyar kasuwa. Tsofaffinmu suna cewa ai kogi ya saba cika ya janye. Wannan karon bai janye ba."

Garin da ya nutse ɗin ba ƙaramin gari ba ne a tarihinmu. Krachi garin 'yan ƙasa ne, Kete kuwa zangon fatake ne da ke kusa da shi. Gishirin Ada yana hawowa cikin kwalekwale har nan, fataken goro da na dabbobi suna saukowa daga arewa, a haɗu a yi ciniki. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai da yawa suka kwararo Kete, garin ya bunƙasa, har Jamusawa suka kafa barikinsu a wurin a 1894. Cikin waɗanda suka zo akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, babban malami kuma marubucin waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, wanda ya yi Waƙar Nasara da Waƙar Talauci da Wadata. Ya yi limanci da koyarwa a Kete har Allah Ya yi masa rasuwa a 1934, almajiransa kuma suka bazu cikin zangunan ƙasar nan. Wanda duk ya bi salsalar karatun zaure a Gana, da wuya bai ci karo da sunansa ba.

Washegari da sassafe muka gangara bakin ruwa, muka yi jinga da wani mai kwalekwale mai inji. Kawu bai yarda ya sa ƙafa ba sai da ya ga rigunan ceto guda uku da idonsa, ya kuma ƙirga mutanen da za su shiga. Na ɗauka tsoron tsufa ne, ashe sanin ruwan ne. Lokacin da tafkin ya cika ba a sare dajin da ke ƙasa ba, don haka har yau itatuwa suna tsaye a cikin ruwa, waɗansu sun fito da busassun rassansu sama, waɗansu kuwa sun ɓuya taki ɗaya ƙarƙashin fuskar ruwa, suna jiran cikin jirgi. Haɗarin kututture da lodi fiye da kima sun ci rayuka masu yawa a wannan tafki. Ko a watan Oktoba na 2025 wani kwalekwale ya kife kusa da Kete Krachi, mutum 15 suka rasu, 11 daga cikinsu yara ne. Allah Ya ba iyayensu haƙuri.

Muka yi bisimilla muka tashi. Hazon hunturu ya lulluɓe ko'ina, ruwa da sama suka zama launi ɗaya, fari-fari kamar an shanya zawwati. Bayan ɗan lokaci gaɓar da muka baro ta ɓace, ta gabanmu kuma ba ta bayyana ba, sai mu kaɗai da ƙarar inji. Mai jirgin yana tsaye a baya, wani saurayi yana zaune a goshin jirgi yana duban ruwa, in ya ɗaga hannun dama a karkata hagu, in ya ɗaga na hagu a karkata dama. Haka muka ratsa ta tsakanin matattun itatuwa, kowanne da tsuntsunsa a kai. Ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya ko motsi ba ya yi, ga balbelu sun jeru a reshe kamar ɗalibai a sahu, ga waɗansu baƙaƙen tsuntsayen ruwa sun baje fukafukai suna shanya su. Can sai wata mikiya mai farin kai da ƙirji ta sako daga sama, ta tsoma ƙafafu a ruwa ta tashi da kifi yana wutsil-wutsil. Ɗana, wanda tun daga Ankara idonsa ke kan waya, ya manta da ita a aljihu.

Muna cikin tafiya Kawu ya sa aka rage gudu. Ya daɗe yana duban wani tudu da ke nesa, ya juya ya dubi wani, kamar mai auna alƙibla, sa'annan ya nuna ruwa da sandarsa ya ce, "In ban ɓata ba, ta nan hanyar take. Ta nan muke bi da jakuna." Muka leƙa, ba mu ga komai ba sai inuwar fuskokinmu. Mai jirgin ya kashe inji don kansa, ba wanda ya roƙe shi. Kawu ya ɗaga hannu ya yi wa mutanen da ke kwance a ƙarƙashin wannan ruwa addu'a, muka shafa, sa'annan ya ce, "To, mu tafi."

Tsibirin da muka sauka ƙarami ne, mai sassarfa zai zagaye shi cikin sa'a uku. Mafi yawan mazaunansa masunta ne 'yan ƙabilar Ewe, waɗanda iyayensu suka biyo kifi daga ƙasan kogi bayan madatsar ta canza musu ruwansu na gado. Shi ya sa za ka ji sunayen ƙauyukan tafkin da yawa suna ƙarewa da "kope", wato ƙauye a harshensu. Muka fara zuwa gaida mai gari kamar yadda ladabi ya tanada, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya yi mana maraba, ya sa aka shimfiɗa wa Kawu tabarma a inuwa, ya haɗa mu da wani yaro ya nuna mana hanya.

Muka bi gaɓa da ƙafa. A gefen da iska ke bugawa, ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar jan marmara tsirara, igiyar ruwa tana dukansa kamar ƙaramin teku. A gefen da yake lafe kuwa, yashi ne mai laushi da ciyawa, inda aka ja kwalekwale aka shanya taru. Ana ganin layi-layi a jikin gaɓar, shaidar inda ruwa ya kai a shekarun cika da inda ya tsaya a shekarun fari. Na nuna wa ɗana layin ƙasa, na ce masa idan ruwa ya sauka haka, injinan Akosombo ba sa samun abin da zai juya su sosai, mu kuma a Ankara sai mu kwana cikin duhu, kamar yadda aka yi a 1998 da 2007. Wani guza ya fito daga cikin ciyawa ya faɗa ruwa, garken kirinjijiya ya tashi yana fito. Yaron da ke mana jagora ya ce kakansa ya taɓa ganin ayu, amma shi bai taɓa gani ba. Ayu da giwaye suna cikin dabbobin da ake karewa a gandun dajin Digya, wanda ke yammacin tafkin, aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1971.

Daga gaɓa muka hau tudu ta cikin gonakin rogo da masara, muka wuce giginyu da kaɗanya, har muka kai ƙololuwa. Hazo ya ɗan yaye, sai ga tsibirai barbaje a kan ruwa, manya da ƙanana, kamar an watsa goro a faifai. A nan ne abin ya shige ni sosai. Wannan wuri da muke tsaye, a da kan dutse ne da makiyayi ke hawa ya hango shanunsa, abin da ke ƙasa kuwa gonaki ne da rijiyoyi da makabartu da hanyar ayari.

Ba zan ɓoye muku abin da ya sosa mini rai ba. Da muka sauko, mun tarar da mata suna banda karfasa da tarwaɗa, kifin da zai ƙare a kasuwar Nima cikin miyarmu. A bakin ruwa kuma ga yara ƙanana suna kwashe ruwa daga cikin kwalekwale a lokacin da sa'o'insu ke aji. Waɗansu 'ya'yan gida ne suna koyon sana'ar iyayensu, amma sanannen abu ne cewa a tafkin nan akwai yaran da aka karɓo daga iyaye matalauta na nesa, ana sa su nutso su kwance tarun da ya sarƙe a kututture, wani ya fito, wani ba ya fitowa. Gana ta kafa dokar hana fataucin mutane a 2005, amma doka ba ta da idon da zai ga kowane tsibiri. Wannan gargaɗi ne gare mu ma, domin a zangunanmu akan ba da yaro riƙo ga wanda ba a san inda zai kai shi ba. Duk wanda ya zo da daɗin baki yana neman ɗanka, ka bi sawu ka ga wurin da idonka.

Ga mai niyyar zuwa, ga 'yan shawarwari. Ka tafi da rani ko hunturu, ka tsallaka da safe, domin iskar yamma takan tayar da ruwa farat ɗaya. Kada ka shiga jirgin da aka cika maƙil, ko da za ka kwana a gaɓa, kada kuma ka ji kunyar neman rigar ceto. Ka riƙe ruwan shanka da na alwala, ka hana yara wanka a gefen da ciyawa take, saboda tsargiya ta yi yawa a tafkin tun bayan da ruwa ya daina gudu. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutane, ka sayi kifinsu da daraja, kada ka bar musu leda ko roba. Wanda ba zai iya doguwar tafiya ba, yana iya farawa da tsibirin Dodi da ake zuwa daga Akosombo.

Mun yi sallar azahar a kan yashi, Kawu ya ja mu, sa'annan muka kamo hanya tun iska ba ta taso ba. Da muka komo Kokomlemle bayan kwana biyu, dare ya yi, ɗana ya riga mu shiga ɗaki ya kunna fitila. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarkin, ya yi murmushi ya ce, "Jikana, ka riƙa kashe ta in za ka fita. Da garinmu aka saye ta."

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa. Wassalam.