Kabad Ɗin Inna

A gidan wani malaminmu na fara ganin ɗan kabad mai madubi a banɗaki, magunguna jere a ciki. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Da aka yi dogon hutu sai na sa kafinta ya yi mana irinsa, na kafa shi a banɗakinmu. Na kwashe magungunan Inna daga cikin kwallarta, har da na hawan jini, ina cewa ajiya a kwalla ƙauyanci ne. Ita dai ba ta tanka ba.

Bayan damina na buɗe kwalbar asfirin, sai warin tsami ya buge ni. Na kai wa mai kemis. Ya ce laima da zafi ke lalata magani, banɗaki kuwa matattararsu ce. Ya nuna mini jikin kwalin maganin Inna, an rubuta a ajiye a busasshen wuri, kada zafi ya wuce digiri 30. Gabana ya faɗi, don kullum sai ta sha shi.

Ran nan na sayo mata sabo, na mai da kabad ɗakinta, can sama, na sa kwaɗo saboda ƙannena. Inna ta yi murmushi, ta ce, "Ɗan boko, an dawo hanya?"