Karanta kwali kafin ka kwance lalita

 Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Ina koya wa manya karatu da rubutu da lissafi a wani ƙauye na bakin gulbin Maraɗi, kan hanyar Madarunfa. Yau labarin wata wauta tawa zan ba ku, don kada wani ya maimaita ta.

Ƙauyen nan garin garka ne. Akwai mangwaro, akwai lemu, akwai gwaba. Da rani ana noman tumati da karoti da kankana. Amma kun san halin mangwaro. In bazara ta yi, duk itatuwa sai su nuna lokaci guda. Kasuwa ta cika, kuɗinshi ya faɗi. Wanda bai samu mai saye ba ya ruɓe, awaki su cinye.

Ajin mata da nake koyarwa yana da mutum 25. Suna da asusu. Kowace mace tana zuba dala 20 duk mako. Ku lissafa ku gani: jika 2 da rabi ke nan a mako. Cikin mako 24 suka tara jika 60. Kuɗin ƙuli-ƙuli ne, da na ƙosai, da na kajin da suka sayar.

Wata rana bayan an tashi daga karatu, shugabar matan ta tsaya. Dattijuwa ce, ta haife ni. Ta nuna mini hoto cikin salular ɗanta. Hoton wani inji ne mai ƙyalli, na tatsar ruwan ƴaƴan itace.

Ta ce: "Malam, mun yi shawara. Wannan za mu saya, mu riƙa tatsar mangwaro muna sayarwa ranar kasuwa. An ce mana jika 55. Kai ne idonmu. Sai ka raka mu Maraɗi."

Na dubi hoton, na yi shiru. Na ce: "Inna, ki ba ni kwana biyu."

Abin da ya sa na yi shiru, irin injin nan sak yana ƙarƙashin gadona.

Ga yadda aka yi. Iyalina suna zaune cikin garin Maraɗi, gidanmu da wutar lantarki. Da bazarar 2023 mahaifiyata ta yi jinya, ta rame. Haƙoranta kuwa sun zube, ba ta iya tauna. Ma'aikaciyar gidan likita ta ce a riƙa ba ta kayan marmari. Ran da na ɗauki albashi na shiga kasuwa. Na ga inji cikin kwali. Jikin kwalin an zana lemu da abarba da karoti, ga kofi cike da ruwa mai kyau. Mai kanti ya ce babu abin da ba ya tatsa. Na biya jika 35. Ban karanta komi ba. Hoto na duba.

Da na zo gida muka yanka mangwaro muka zuba. Inji ya yi ƙara kamar babur. Ruwan da ya fito bai kai rabin kofi ba. Naman mangwaron duk ya liƙe cikin rariyar injin, ya toshe ta. Muka gwada gwaba, haka. Muka gwada karoti, sai ga ruwa. Amma kilo guda bai ba mu rabin lita ba. Bayan haka sai wanki. A kwance shi gunduwa-gunduwa, a goge rariya da buroshi, a shanya, a mayar.

Bayan mako guda uwargida ta ce: "Malam, kai ka sayi injin nan, amma ni ke yi mishi bauta."

Ta ɗauko ƙwarya da rariyar gida. Ta wanke hannu, ta murje mangwaro nunanne, ta ƙara ruwa kaɗan, ta tace. Kafin in gama haɗa injin, tsohuwa ta riga ta sha. Cikin watan Agusta na 2023 aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, ba a mayar da ita ba sai watan Maris 2024. Wuta ta zama sai an ga dama. Na mayar da inji cikin kwalinshi, na tura ƙarƙashin gado. Ban gaya wa kowa ba.

To, kwana biyun nan da na roƙa, ban yi barci sosai ba. Kullum ni ke ce wa ɗalibai: kada ku sa hannu ga takardar da ba ku karanta ba. Yanzu in tsaya gabansu in ce ni ma hoto ya ruɗe ni? Zuciya ta ce mini in kawo wani dalili, in ce injin ya yi tsada, shi ke nan. Amma na san in na ce haka, za su ƙara mako 4 ko 5 su cika kuɗin su saya. Kunyata ba ta kai jika 60 na mata 25 ba.

Ranar karatu na ɗauro kwalin bayan babur. Na aje shi gaban allo. Na ba su labari tun daga farko har ƙarshe. Aji ya ɗauki dariya. Shugaba ta riƙe baki ta ce: "Ashe malam ma yana tuntuɓe!" Na ce: "Yana yi, Inna. Amma in na gaba ya faɗa rami, na baya sai ya kauce."

Ran nan kwalin ya zama littafinmu. Rubutun jikinshi da Faransanci da Turanci ne, amma lambobi ba su da yare. Na ce su nemo lambar da ke da harafin V. Wata yarinya ta gano: 220 V. Wannan shi ne irin wutar da injin ke so, kuma ita ce wutar gidajen ƙasarmu. Wani inji, musamman kayan gwanjo da suka fito daga Amurka, an rubuta mishi 110 V ko 120 V. In ka sa shi ga wutarmu, ƙonewa zai yi. Sannan na ce su nemo mai harafin W. Suka gano: 800 W. Wannan shi ne yawan wutar da yake ci.

Ƙauyen ba shi da wutar lantarki. Abin da ke akwai farantin sola ne a kan rufin aji. Muka fita muka karanta bayanshi: 50 W. Batirinshi kuma 12 V. Fitila yake iyawa da cajin salula. Don a tada injin 800 W sai an sayi babban batiri, da akwatin da ke mayar da wutar batiri 220 V. Kuɗin waɗannan ya fi na injin kanshi. Matan suka yi tsit. Babu wadda ta yi tunanin wuta, kamar yadda ni ban yi tunanin mangwaro ba.

Bayan wautata na bi masu gyara da masu sayar da ruwan lemu na yi tambaya. Ga abin da na koya, shi na rubuta musu a allo. Abin tatsa iri 4 ne.

Na 1, mamatsin lemu na hannu. Wani kamar ƙoƙo ne mai tsini a tsakiya: ka raba lemu biyu, ka kifa, ka murza. Wani na ƙarfe ne mai mariƙi, ka danna. Ba ya son wuta, ba ya da tsada, wankinshi ba wuya. Amma lemun zaƙi da lemun tsami kaɗai yake yi. Lemun zaƙi 3 sukan cika kofi.

Na 2, injin markaɗe mai dogon kofi da ƴan wuƙaƙe a gindi, wanda ƴan kasuwa ke ce wa bilenda. Shi ne abokin mangwaro da gwanda da ayaba da kankana da tumati. Yana markaɗe komi gaba ɗaya, sai an ƙara mishi ruwa. Na gwaba a tace saboda ƙwaya. Yana son wuta, sau da yawa 300 W zuwa 600 W. Akwai ƙarami wanda ake caji kamar salula. Wannan kofi guda yake yi, ba na sana'a ba ne.

Na 3, irin nawa, mai rariyar ƙarfe da ke juyawa da gudu. Yana goge abu, ya watsa ruwa gefe guda, dusa gefe guda. Abu mai tauri yake so, kamar karoti da abarba. Mangwaro da ayaba toshe shi suke yi.

Na 4, mai matsa a hankali. Cikinshi akwai wani murɗaɗɗen abu mai juyawa, kamar na injin matsar man gyaɗa. Yana fidda ruwa da yawa, har daga ganye. Ba ya cin wuta sosai, amma ya fi duka tsada, kuma yana da jinkiri.

Sannan na ce, kafin kowa ya kwance lalita, ya yi wa kanshi tambaya 4. Wane ɗan itace nake da shi da yawa? Wace wuta nake da ita? Wa zai wanke, kuma da wane ruwa? In ya lalace, akwai mai gyara da kayan gyara kusa?

Tambayar wanki kada ku raina ta. Ruwan ƴaƴan itace ba a dafa shi. Duk dattin da ke hannu, ko wuƙa, ko rariya, ko ruwan da aka ƙara, cikin mutum zai shiga, ya kawo zawo. A wanke hannu da sabulu. A wanke ɗan itace kafin a yanka. Ruwan da za a ƙara ya zama tafasasshe wanda ya huce, ko wanda aka sa wa maganin tsabtace ruwa. Ƙanƙara ma ruwa ce, a san inda ta fito. Da zafin watan Afrilu da Mayu, in babu sanyi, abin da aka tatsa da safe ba ya kai la'asar. A zuba shi cikin kwalba ko roba mai murfi. Kada a bar ruwa mai tsami ya daɗe cikin tukunyar dalma ko bokitin kwano.

Akwai kuma abin da ma'aikaciyar gidan likita ta gaya mini daga baya. Mai haƙori, cin ɗan itace ya fi mishi shan ruwanshi. Dusar nan da inji ke zubarwa tana gyara ciki, tana hana taurin bayan gida. In an cire ta, zaƙi ne ya rage, kuma yana shiga jini da sauri. Saboda haka mai ciwon sukari ya yi hattara, kuma kada a ƙara sukari ga abin da Allah ya riga ya sa wa zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan marmari da ganye kowace rana. Mangwaro da karoti da gwanda suna da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke hana dundumi. Lemu da gwaba da ƴaƴan kuka suna da bitamin C. In an sha su tare da abincin hatsi ko wake, suna taimakon jiki ya ɗauki abin ƙarin jini da ke cikin abincin. Jinjiri kuwa, har ya cika wata 6, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba shi. Bayan wata 6 a murje mishi ɗan itace nunanne ya ci. Tatsattsen ruwa a bari sai ya shekara.

Matan suka yi shawara tsakaninsu, ban sa baki ba. Suka sayi mamatsin lemu 2 na ƙarfe, da rariya 3 marasa tsatsa, da bokitin roba masu murfi, da kula ta ajiye sanyi. Duka bai kai jika 25 ba. Ranar kasuwa suna sayar da ruwan lemu, da na tsamiya, da zoɓo. Tsamiya jiƙawa ake yi, zoɓo dafawa, babu mai neman inji. Na mangwaro suna murje shi da hannu kaɗan-kaɗan, daidai wanda zai ƙare kafin azahar. Ribar ba ta da yawa, amma ba su ci bashi ba. Matsalar mangwaron da ke ruɓewa ba ta ƙare ba. Sun fara gwada yanka shi fale-fale su shanya ƙarƙashin yadi mai raga saboda ƙuda. Sauran kuɗin yana cikin asusu. Sun ce in Allah ya kawo wuta garin, bilenda za su saya, kuma su da kansu za su karanta kwalin.

Injina kuwa na sayar wa wani saurayi mai tebur cikin Maraɗi, jika 15. Shi ruwan karoti da abarba yake sayarwa, yana da wuta da firigo. Na wuce ta wurinshi kwanan baya, injin yana ta aiki. Ashe injin ba shi da laifi. Ni ne na kai shi inda ba a bukatarshi. Na yi hasarar jika 20.

Da na gaya wa shugabar mata, sai ta ce: "Malam, kada ka ji ciwo. Kuɗin makaranta ka biya mana."

Ƴan uwa, in ɗayanku ya taɓa sayen wani abu don hoto ya yi da-na-sani, ya rubuto wa jaridarmu labarinshi da hannunshi, sauran jama'a su amfana. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.