Shaidar Da Ake Saye Da Kuɗi

Mu mazauna Kafin Hausa ne, a ƙasar Haɗejiya, sana'armu kuwa shinkafa. Ambaliyar 2022 ta cinye mana yawancin gonar fadama. Abin da muka tsira da shi bai isa kuɗin makarantar yara ba, sai muka shiga neman masu saye daga nesa, waɗanda za su saya da daraja.

Ana nan sai wani saurayi ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce, "Baba, Mama, ku ba ni kuɗin buhu biyu. Duk wanda ya nemi shinkafar Haɗejiya a Google, sunanku zai fara gani." Ya ce zai kuma rubuta yabo da sunayen mutum 50, a ce sun saya sun ji daɗi.

Gaskiya maganar ta shige mu, gama mu kanmu mun saba ɗauka cewa abin da waya ta fara nunawa shi ne daidai. Amma da dare barci ya ƙi zuwa. Mutanen nan 50, su wane ne? Ko loma ɗaya ta shinkafarmu ba su taɓa ci ba. Ashe shaidar zur za mu saya, abin da Ubangiji ya hana a cikin Fitowa 20:16.

Ran Lahadi bayan sujada muka tambayi wata ɗiyar ikkilisiyarmu mai karatun kwamfuta a Jami'ar Sule Lamido, a nan garinmu. Ta ce ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa Google a 1998. Dabararsu ita ce, shafin da wasu shafuka da yawa suke nunawa, musamman masu mutunci, sai a sa shi gaba, kamar mutumin da dattawa suka shaida. Da mutane suka gane haka, sai suka fara sayen masu shaida, har a 2012 Google ta fito da wani gyara mai suna Penguin domin mai da irin waɗannan baya. Sau da yawa kuma abin da ke can bisa talla ce da aka biya, da 'yar alama a jikinta. Google da kanta ta yi gargaɗi cewa ba mai iya yi wa kowa alkawarin zama na ɗaya.

Muka ce, "To, 'yata, aikin nan duka zamba ke nan?" Ta ce, "A'a, Baba. Akwai gwanaye na gaske. Gwani yakan gaya maka abin da zai yi, da abin da ba ya hannunsa, ba ya kuwa sa ka yi ƙarya." Ita ta sa shagonmu a taswirar Google, ba a biyan ko kwabo. Ta sa kwatancen wurin, da hoton shinkafar yadda take. Muka roƙi masu saye na gaske su rubuta abin da suka gani. Huɗu kaɗai suka rubuta, ɗaya ma ya ce ya sami tsakuwa. Maganarsa ta yi mana zafi, amma tun daga ranar muka ƙara kula da tsinta.

Ba mu zama na ɗaya ba. Sai dai wata mai gidan abinci a Kano ta kira mu, ta gwada buhu ɗaya, ta kuma komo.

Ya ku iyaye, 'ya'yanmu suna tambayar waya batun magani, da aure, har da bangaskiya. Mu koya musu su duba wanda ya faɗa, da ribar da zai ci. Mutanen Biriya, a cikin Ayyukan Manzanni 17, ko wa'azin Bulus sai da suka auna shi da Littattafai, aka kuwa yaba musu. Ubangiji ya ba mu irin wannan hankali. Amin.