Zaɓen Sandar Giya

Hausawa kan ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Manufar wannan karin magana ita ce, kowane kaya yana tafe da halinsa, kuma haƙƙin mai saye ne ya san halin nan tun kafin ya zura hannu a aljihu. Sai dai akwai kayan da hujinsu ba ya bayyana a kasuwa kamar na rariya, sai an kai su gida, wani lokaci ma sai an hau titi da su. Sandar giyar mota tana cikin irin waɗannan kaya. Ƙarfe ne da tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da 'yan yatsu ba, amma ta wurinsa ne nufin direba yake isa ga ƙafafun mota. Abin da ya sami wani matashi ɗan Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, ya isa misali.

Sana'ar wannan matashi ita ce fataucin tumatir da rake. Yakan bi gonakin ƙasar Kudan ya yi ciniki, ya tsaya kasuwar Makarfi, ya zarce Ikara, kuma a irin wannan sana'a wanda ya riga isa gona shi ke samun kaya da araha. Bayan ya yi shekaru yana tari, sai ya sayi mota 'yar Kwatano, Volkswagen Golf 3. An fara ƙera wannan samfuri a shekarar 1991, kuma direbobin haya na Arewa sun daɗe da sanin ƙarkonsa. Tasa kuwa ƙirar GTI ce, mai inji lita 2, wadda aka yi domin masu sha'awar gudu. Motar ba ta da laifi sai guda ɗaya: sandar giyarta ta yi lako-lako, tana yawo a hannu kamar muciya a tukunya. In ya nemi lamba ɗaya sai ya lalubo, in ya nemi lamba biyar sai ya yi ta rarrashi.

Ana cikin haka ya ci karo da hotunan bidiyo a wayarsa, inda masu tseren mota ke canza giya da ɗan motsin wuyan hannu kawai. Ya bincika, aka ce masa ai gajeriyar sanda ce, ba kamfanin motar ne ya yi ta ba, saye ake yi daban a ɗaura. Haƙiƙa wannan ciniki yana da tarihi. A Amurka, wani mutum mai suna George Hurst ya shahara da ƙera irin waɗannan sanduna tun ƙarshen shekarun 1950, har kamfanin Pontiac ya sa sandarsa a motar GTO ta shekarar 1964. Daga nan kasuwar ta bunƙasa, yau da wuya a sami motar gudu mai giyar hannu da ba a yi mata irin wannan sanda ba.

Shawara ta zo wa matashin ta fuska uku. Abokansa na tasha suka ce abin bai kai a kashe kuɗi ba, a kai wa mai walda ya datse sandar ya mayar da kanta, shi ke nan ta zama gajeriya. Wani dillalin kayan gyara ya ce zai samo masa ta waje a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ko a Panteka ta Kaduna. Kawunsa kuwa, tsohon direba da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Ikara da Zariya, cewa ya yi a fara kai motar wurin bakanike a ji ciwonta tukuna. Da yake shawarar farko ta fi araha kuma ta fi sauri, ita ya ɗauka. Cikin rabin sa'a aka datse sandar aka liƙe, ya fito yana murna, ko da yake lako-lakon yana nan yadda yake.

Ranar wata kasuwar Makarfi, da hantsi, ya taso daga wajen Ikara yana cikin lamba biyar. A gabansa akwai a-kori-kura da aka lafta wa rake har yana jan ƙasa. Ya leƙa ya ga hanya, ya fita zai wuce, ya taka kuloci da nufin komawa lamba huɗu domin motar ta sami ƙarfi. Sandar ta zame ta faɗa lamba biyu. Yana fara sakin kuloci injin ya yi wani irin ƙugi, motar ta yi turjiya kamar an fizge ta ta baya, ga kuma babbar mota ta ɓullo daga gaba. Allah ya sa ƙafarsa ba ta gama barin kulocin ba, ya danne shi, ya taka birki, ya koma bayan a-kori-kurar da ƙyar. Ya gangara gefen titi ya daɗe zaune, hannunsa yana rawa a kan sandar da ya biya kuɗi aka datse.

Da labari ya kai ga kawun, bai yi faɗa ba. Washegari ya sa shi gaba har garejin wani dattijon bakanike a Makarfi, abokinsa tun suna samari. Dattijon ya shiga motar, ya kaɗa sandar hagu da dama ba tare da ya tayar da inji ba, sannan ya ce, "Yaro, me ka nema da ka yanke ta?"

"Sauri na nema, Baba."

"To, sandar ce ba ta sauri, ko kuwa ba ta jin magana?"

Matashin ya yi shiru, domin bai taɓa raba waɗannan abubuwa biyu a ransa ba.

Dattijon ya ɗauki karan rake ya ɗora a kan dutse, ya sa guntun gefen a ƙarƙashin wata tsohuwar taya, ya ce masa ya danna dogon gefen. Tayar ta ɗaga cikin sauƙi. Ya matsar da dutsen zuwa tsakiya ya ce ya sake dannawa. Wannan karon hannunsa bai yi nisa ba tayar ta ɗaga, amma sai da ya sa ƙarfi. Wannan shi ne dukkan sirrin sandar giya. Tana da maƙalli a tsakiya, da dogon sashe a sama inda hannu ke kamawa, da gajeren sashe a ƙasa wanda ke tura ƙarafan da suka tafi akwatin giya. Alal misali, idan sashen sama santimita 25 ne, na ƙasa kuma santimita 5, to sai hannu ya yi tafiyar santimita 5 kafin ƙasa ta matsa santimita 1. Idan aka canza awon ya zama hannu na yin santimita 4 kacal, an rage tafiyar da kashi 20 cikin 100, amma ƙarfin da ake bukata ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. Wato gajeriyar sanda ba kyauta take bayarwa ba, musaya take yi: ta karɓi ƙarfi ta ba da kusanci. Bugu da ƙari, idan an datse sandar, tazarar da ke tsakanin layin lamba biyu da na lamba huɗu takan ƙuntata a hannu, ɗan kuskure kaɗan sai a faɗa gidan da ba shi ake nufi ba.

Daga nan dattijon ya buɗe bonet, ya nuna masa ƙarafan da suka haɗa sandar da akwatin giya. A kowace gaɓa akwai 'yar roba, wadda bakanikai ke kira bushin, kuma yawancinsu sun cinye, wata ma ta fashe an ɗaure wurin da waya. Zafin inji da ƙurar hanyoyin gona da tsawon shekaru su suka cinye su. A nan ciwon yake. An bar jaki ana dukan taiki: sandar da aka datse ba ta da laifin komai.

Akwai kuma abu na uku da ido ba ya gani. A cikin akwatin giya akwai zobban tagulla waɗanda aikinsu shi ne daidaita gudun haƙoran giya kafin su cusa cikin juna. Kamfanin Cadillac ne ya fara sa wannan dabara a motocinsa a shekarar 1928, kafin nan sai direba ya taka kuloci sau biyu yana sauraron inji da kunne. Zobban nan suna bukatar ɗan lokaci su gama aikinsu, kuma babu sandar da za ta rage musu wannan lokaci. Wanda ya ga hannunsa ya kusa, ya riƙa fizgar giya, zobban yake ci. Ranar da suka ƙare, sai an sauke akwatin giya ɗungurungum, kuma kuɗin wannan aiki ya ninka na sanda sau da yawa.

A nan kawun ya sa baki. Ya ce shi da Peugeot 504 ya yi zamaninsa, motar da Hausawa ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968, kuma na farko-farkonta sandar giyarsu a jikin sitiyari take, doguwa, mai tafiya mai nisa. A shekarar 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma a wannan shekarar ce Ove Andersson ya ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya da 504. Abin da ya ɗaukaka sunan motar a Afirka shi ne juriya a kan mugunyar hanya. "Ɗana," in ji kawun, "na yi shekaru ina ɗaukar rayukan mutane, ban taɓa makara don giya ta yi nisa ba. Abin da nake nema wurin sanda shi ne in na aike ta gida ta shiga gidan."

Dattijon bakaniken bai hana shi sayen gajeriyar sanda ba. Ya dai gindaya masa sharuɗɗa. Na farko, a gyara abin da ya lalace kafin a ƙara abin da babu, domin sabuwar sanda a kan matattun robobi kamar sabon rufi ne a kan rusasshen bango. Na biyu, a sayi wadda aka yi wa wannan akwatin giya takamaimai. Ko a cikin Golf 3 ɗin ma akwai masu aiki da sandunan ƙarfe, akwai masu aiki da igiyoyin waya, kuma kayan ɗaya ba ya shiga ɗaya, komai rantsuwar mai shago. Na uku, kada a taɓa makarin ribas. A wannan mota ribas yana maƙwabtaka da lamba ɗaya, sai an danna sandar ƙasa take shiga, kuma idan makarin ya lalace, mai niyyar yin gaba a cikin cunkoson kasuwa zai iya komawa kan wanda ke bayansa. Na huɗu, a dubi ƙarfen da kansa, kaurinsa da ɗinkin waldarsa da notinsa, kada a dubi kwali. Na biyar, mai mota ya tambayi kansa inda yake tuƙi. Mai tsere yana zagaya fili ne na ɗan lokaci, ba rami, ba shanu, ba mai babur. Wanda zai wuni tsakanin Kudan da Makarfi da Ikara yana canza giya sau ɗaruruwa, kafaɗarsa ce za ta biya kuɗin duk wani tauri da aka ƙara wa sanda.

Aka samo sanda ta asali daga jikin wata motar da aka farke, aka sa sababbin robobi, aka shafa giris, aka daidaita ƙarafan har kowace lamba ta koma gidanta. Dattijon ya ce ya je ya yi wata guda da ita a haka, in har yanzu ransa yana son gajeriya, ya dawo. Matashin ya yi mamakin yadda motar ta canza, domin rabin nisan da yake kuka da shi ashe ba nisa ba ne, yawon banza ne.

Bayan wata guda ya dawo, sha'awar tana nan amma ta yi hankali. Suka tafi Kano tare da yaron garejin, da tsohon ƙarfen a hannu domin gwadawa. Abin da ya saya ba sanda ba ce ma, wani ɗan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bonet, mai huji biyu: ɗaya yana rage tafiyar hannu kaɗan, ɗaya yana ragewa sosai. Tsawon sandar bai canza ba, makarin ribas yana nan. Da aka zo ɗaurawa, dattijon ya riƙe noti ya dube shi ya ce, "Wanne?" Ya nuna hujin da ke rage kaɗan.

Idan aka yi la'akari da wannan labari, za a ga cewa kuskuren matashin ba son gudu ba ne, domin ƙuruciya ba ta rabuwa da wannan. Kuskurensa shi ne ya nemi magani kafin ya san sunan ciwon, ya kuma ɗauki abin da aka yi domin wani fili ya kawo nasa ba tare da ya auna ba. Wannan hali bai tsaya ga masu mota ba. Ana ganinsa wurin manomin da ya sayi irin da ba na ƙasarsa ba, ana ganinsa wurin ɗalibin da ya haddace amsa bai fahimci tambaya ba. Guntun ƙarfen da aka datse yana nan rataye a garejin dattijon, kuma duk saurayin da ya zo neman gajeriyar sanda, shi ake fara miƙa masa ya riƙe kafin a buɗe bonet.