Daren Juma'a a Garin Allen

Da yammacin ranar da zan bar gida na bi ta gaban wani gidan kallo a Boɗinga, na tarar da yaron mai gidan yana rubuta wasannin mako da alli a jikin baƙin allo. Litinin akwai na Ingila, Talata da Laraba gasar Zakarun Turai, Alhamis Europa, Juma'a wasa ɗaya a Sifaniya. Asabar da Lahadi kuwa allon bai ishe shi ba, sai da rubutun ya gangaro jikin katako. Na tsaya na ƙirga, babu dare ɗaya da aka bari. Ni malamin makaranta ne, ina koyarwa a wata sakandare a yankin Shagari, don haka na karanta allon nan kamar yadda manomi ke karanta hadari. Na san da safiyar Laraba da ta Alhamis rabin ajina gyangyaɗi za su yi, domin wasan da aka fara ƙarfe takwas ko tara ba ya ƙarewa sai dare ya yi nisa, bayansa kuma ga gardama a teburin mai shayi.

Ƙanena ne ya aiko mini da tikiti in je in ga iyalinsa a Amurka. Yana aiki a Dallas, jihar Texas, amma gidansa yana wani gari da ake kira Allen, arewa da birnin. Watan Oktoba ne na sauka, lokacin da kakar ƙwallon Amurka ta kankama. Wasan ɗan uwan zari-ruga ne. Ƙwallon kamar gwanda take, mai tsini a kai biyu, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kowa da hular kwano da sulke a kafaɗa. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma, in ta ci a sake ba ta huɗu, har ta kai ƙarshen fili ta samu maki shida. Babbar gasar ƙwararrunsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32, wadda aka kafa a 1920, kuma babu wata gasar wasa a duniya da ta kai ta kuɗi.

Juma'ar farko, bayan mun dawo masallaci, na lura gari ya canza. Tagogin shaguna an rubuta musu kirarin ƙungiyar makaranta da fenti. Mai sayar da fetur da ma'aikaciyar kantin magani duk riga iri ɗaya suka sa, mai hoton mikiya. Ƙanena ya ce, "Yaya, yau ba a zaman gida. Ɗanka zai buga ganga." Muka yi magariba a gefen mota, muka bi ayarin mutane.

Filin na makarantar sakandare ne guda ɗaya tak, amma yana ɗaukar mutum 18,000. An buɗe shi a 2012 bayan an kashe kusan dala miliyan 60, kuma mutanen garin ne da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ci bashin gina shi, a riƙa biya daga harajinsu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: wurin ya cika. Da aka zo taken ƙasa kowa ya miƙe, tsofaffi suka cire hula, aka yi tsit har kana jin kukan jariri daga can ɗaya gefen. Sai 'yan wasa suka ɓullo a guje, yara 'yan shekara goma sha shida, goma sha bakwai, sa'annin ɗalibaina, gari guda yana kiran sunayensu.

Kusa da ni wata tsohuwa ce ta zauna da bargo a cinya da ɗan matashin zama da ta zo da shi daga gida. Ba ta da ɗa ko jika a cikin fili. Ta nuna mini wani ƙaƙƙarfan yaro ta ce shi ke yanke mata ciyawar ƙofar gida, ta nuna wani ta ce ita ta koyar da uwarsa a firamare. Duk lokacin da aka kayar da ɗayansu sai ta dafe ƙirji, in ya tashi ta yi tafi. Iyaye ne ke sayar da abinci a rumfuna, ribar kuma ta makaranta ce. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai 'yan badujalar makarantar suka shigo, ɗaruruwan yara, suka rufe filin kaf, suna taku ɗaya suna sauya sahu kamar ana juya tabarma. Can cikin masu ganga na hango ɗan ƙanena, yaron da sau biyu kacal ya taɓa taka ƙasar Sakkwato, fuskarsa a ɗaure saboda kada ya kuskure taku. Da muka haɗu a waje ya rugo yana haki, "Baffa, ka gan ni?" Na gan shi, kuma mutum dubu goma sha takwas sun gan shi.

A wannan fili Kyler Murray ya yi wasa yana ɗalibi, ya ci wa makarantar kofin jiha sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kafin ya zama wanda aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL na 2019. Mutanen Allen sun san shi tun kafin talabijin ta san shi.

A hanyar komawa na tambayi ƙanena abin da ke raina. Na ce, gasar da ta fi kowace kuɗi, yaya aka yi ba ta sa wasa a wannan dare ta kwashe jama'ar nan? Ya ce doka ce ta hana. A 1961 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar watsa wasanni, Shugaba Kennedy ya sa hannu. Dokar ta ba ƙungiyoyin ƙwararru damar haɗa kai su sayar wa gidajen talabijin wasanninsu a dunƙule, abin da dokar hana babakere ba za ta bari ba. Amma an gindaya sharaɗi: daga Juma'a ta biyu a Satumba zuwa Asabar ta biyu a Disamba, ba za a nuna wasan ƙwararru ba daga ƙarfe shida na yammacin Juma'a, haka ma duk ranar Asabar, a tashar da ke cikin mil 75 daga inda ɗalibai ke nasu wasan. Mil 75 kusan kilomita 120 ke nan, ya fi tafiyar Sakkwato zuwa Tambuwal. Da fari jami'o'i aka kare, a 1966 aka ƙara da makarantun sakandare. Tunda kuwa da wuya ka sami lungu a ƙasar da babu makaranta mai wasa, sai mako ya rabu da kansa: Juma'a ta 'yan sakandare, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru.

Wannan ne abin da ya fi burge ni a duk tafiyar, fiye da gadoji masu hawa-hawa da dogayen benaye. Ƙasar da aka sani da bautar kasuwa ta dubi mafi ƙarfin 'yan kasuwar wasanta ta ce masa wannan daren na yara ne, kuma maganar ta zauna sama da shekara sittin.

Sai dai mai kuɗi ba ya gajiya da neman ƙofa. A 1970 aka fara wasan daren Litinin a tashar ABC, ya karɓu ƙwarai. A 2006 aka ƙaro na daren Alhamis, wanda tun 2022 kamfanin Amazon ke nunawa ta intanet kan kusan dala biliyan ɗaya a shekara. A 2023 suka sa wasa ranar Juma'ar da ke bin bikin godiyarsu na Nuwamba, suka fara shi ƙarfe uku na rana don kada dokar ƙarfe shida ta kama su. A 2024 suka kai wasan daren Juma'a birnin Sao Paulo na Birazil ranar 6 ga Satumba, mako guda kafin lokacin hanin ya shiga. Kirsimetin wannan shekarar ta faɗo Laraba, suka buga wasa biyu Netflix ta nuna. Shekarar korona ma, 2020, saboda ɗage-ɗagen wasanni babu ranar mako da ba a buga ba. Yanzu gardamar da na tarar ana yi a rediyon mota da wurin aski ita ce: tunda an ga ana kallo, me zai hana a mayar da Talata da Laraba na dindindin?

Ƙanena yana cikin masu so. Hujjarsa ita ce mutum ya dawo aiki a gajiye, yana son abin da zai ɗebe masa kewa, kuma ba a tilasta wa kowa kunna talabijin. Na fahimce shi, domin na ga irin aikin da suke yi a can. Amma ban bi shi ba. Wasan nan karo ne na ƙarti, kowace ƙungiya wasa 17 kacal take yi kafin zagayen ƙarshe saboda jiki ba ya ɗaukar fiye da haka da sauƙi. Wanda ya buga Lahadi aka ce ya sake fita Alhamis kwana uku ne a tsakani, kuma 'yan wasan sun daɗe suna kuka da hakan. Ga shi wasan daren Litinin sai takwas da kwata yake farawa a gabashin ƙasar, ya kai mutane kusan tsakar dare, gobe kuma akwai aiki da makaranta. A Texas ma, makarantun da ke tarayya a fili ɗaya wasunsu Alhamis suke buga nasu, ka ga tuni inuwar manya ta fara faɗa musu. Sannan kwarjinin wasan Lahadi daga jira yake samuwa. Na ga yadda maƙwabtan ƙanena ke shirinsa tun Asabar, ana sayen nama ana gayyatar dangi. Abin da ake samu kullum ba a yi masa wannan shiri.

Na ce masa, "Kai da ka baro gida da daɗewa ba ka ga abin da na gani ba. Mu an riga an cike mana makon."

Lokacin da muke yara a Boɗinga, bayan girbi dandali ne ke ɗaukar dare. Ana kokawa da farin wata, samari na langa, 'yan mata na gaɗa, almajirai sun kewaye wutar kara suna karatu. In makarantarmu za ta kara da wata, ko ta Sifawa ko ta Yabo, dattawa kan zo da buzunsu su zauna bakin fili. Yau yaron da bai san sunan mai tsaron gidan makarantarsa ba zai lissafa maka 'yan benci na Arsenal. Sokoto United na buga wasa a filin Giginya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Shagari, amma da wuya ka ji ana gardamarta a majalisa. Ban ɗora wa masu gidajen kallo laifi ba. Sana'a ce ta halal, suna sayen man janareta da tsada, suna biyan kuɗin DStv, kuma rumfar kwanon nan ta tsare samari da yawa daga yawon banza. Abin da ya faru shi ne Turawa sun tsara jadawalinsu don aljihunsu, a 2024 ma suka faɗaɗa gasar Zakarun Turai zuwa ƙungiyoyi 36 don wasanni su ƙaru, mu kuma muka karɓa gaba ɗaya ba mu ware wa kanmu komai ba.

Su kansu Turawan masu wasan sun fi mu tsare gida. A Ingila tun shekarun 1960 ba a nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, don mutane su je filayen ƙananan ƙungiyoyi. Wasan da ɗan Shagari ke kallo a wannan lokaci, ɗan Landan ba ya ganinsa a talabijin ɗinsa. A Jamus da aka shigo da wasan daren Litinin a kakar 2017, magoya baya suka tayar da ƙayar baya, 'yan Frankfurt har da watsa ƙwallayen tanis cikin fili, sai da aka soke shi daga 2021.

Ban dawo da sha'awar mu kwaso wasan Amurkawa ba, raunin kai da ke cikinsa ma ya isa ya sa uba tunani. Ba ma buƙatar filin dala miliyan sittin. Abin da na ga yana riƙe da garin Allen shi ne lokaci da aka keɓe, kowa ya san da shi, babu mai taɓa shi. Hukuncina kan gardamarsu shi ne kada su ƙara ko da dare ɗaya, su bar Talata da Laraba ga iyali da barci, su riƙe dokar Juma'a da hannu biyu.

Mu kuma namu ya fi sauƙi. Alhamis makarantun allo na hutu, rana kuma ba ta faɗuwa sai an gama wasa, ba sai an kunna fitila ba. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da iyayenmu sarakuna, da shugabannin makarantu, su ware bayan la'asar ɗin kowace Alhamis don wasan makarantu da na unguwanni, ƙwallo ko kokawa ko langa. Masu gidajen kallo su daure su bar janareta a kashe ranar har a idar da isha'i. Ku kuma iyaye, in an sa rana, ku ɗauko tabarma ku zo bakin fili ku kalli 'ya'yanku.